Nazirin Waƙafi da 'Yancin Malamai: Yadda Aka Riƙi Dukiyar Azhar daga Fatimiyyawa zuwa Dokar 1961

 

Duk lokacin da aka buɗe tarihin wata makaranta daga manyan makarantun Musulunci, sunayen malamai da littattafai ne ke cika shafuka. Da wuya mai karatu ya tsaya a kan mutumin da ya karɓo hayar kantuna, ya sayo mai na fitila, ya auna gurasar ɗalibai, ya kuma amsa tambayar alƙali idan lissafi ya ƙi daidaita. Alhali kuwa sau da yawa a hannun wannan mutum rayuwar makarantar take. Jami'o'in zamaninmu suna da ofishi na musamman mai kula da tallafin da ke shigowa daga waje, wanda yake karɓar kuɗin masu bayarwa tare da sharuɗɗansu, ya kashe, ya ba da bayani. Mutane da dama suna ɗaukar wannan aiki baƙo ne da ya zo mana da tsarin boko. Magabata sun san shi da sunan nazarar waƙafi, mai riƙe da shi kuma naziri ko mutawalli. Wannan maƙala za ta bi sawun muƙamin a wuri guda, wato Jami'ul Azhar na Alƙahira, domin shi ne ya daɗe har ya ga kowane irin mai bayarwa da kowane irin mai riƙo.

Matsayin naziri a wurin malaman fiƙihu

Asalin babin shi ne ƙasar da Sayyidina Umar (RA) ya samu a Khaibar, ya nemi shawarar Annabi (SAW), aka shiryar da shi ga tsare asalinta da sadaukar da amfaninta. Abin lura shi ne Umar bai manta da mai riƙon ba. Ya halatta masa ya ci daga amfanin gwargwadon abin da aka saba, ba tare da ya tara dukiya da shi ba, sannan ya yi wasiyyar riƙon ga 'yarsa Uwar Muminai Hafsa (RA). Tun daga farko ke nan an gane cewa sadaka mai gudana tana bukatar mai gudanar da ita, kuma mai gudanarwar yana bukatar iyaka.

A kan wannan malaman fiƙihu suka gina. Naziri amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Sharaɗin mai waƙafi wajibi ne a kansa matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba, har suka kamanta lafazin takardar waƙafi da nassi wajen fahimta da aiki. Gyaran asalin waƙafin yana gaba da rabon masu cin gajiya, ko da mai waƙafi bai faɗa ba, domin idan gini ya rushe babu sauran abin rabo. Hanafawan baya sun taƙaita hayar gidajen waƙafi zuwa shekara ɗaya, gonaki kuma shekara uku, saboda tsoron kada doguwar haya ta rikiɗe ta zama mallaka. Kowace ƙa'ida daga cikin waɗannan, idan aka duba ta da kyau, maganin wata ɓarna ce da aka riga aka gani da ido.

Akwai mas'ala ɗaya da ta shafe mu mu Malikawa. A mazhabarmu, idan mai waƙafi ya shardanta wa kansa nazara, waƙafin ya ɓaci, domin dole ne dukiyar ta fita daga hannunsa fita ta haƙiƙa. Wasu mazhabobin sun sauƙaƙa. George Makdisi, a binciken da ya wallafa a 1981 kan tasowar makarantu, ya kafa hujja da wannan wajen bayyana dalilin da ya sa attajiran ƙasashen Malikiyya ba su himmatu ga gina madrasa ba kamar na gabas, tun da mai ginawa ba zai ci gaba da juya ta ba. Ko an karɓi wannan bayani duka ko an rage, hikimar Malikiyya a fili take: wanda ya bayar bai kamata ya zama shi ne mai riƙo ba. Tarihin Azhar daga baya zai nuna nauyin wannan magana.

Takardar Alhakim

Jauhar Assiƙilli ya fara ginin masallacin a 359 bayan Hijira (970 Miladiyya), aka yi Juma'ar farko a cikinsa a Ramadan na 361. A 378 waziri Yaƙub ɗan Killis ya nemi halifa Al'aziz ya yanka wa wasu malaman fiƙihu albashi, aka gina musu gida a gefen masallacin. Maƙrizi ya ce su talatin da biyar ne. Wannan tallafi kyautar mai mulki ce, ranar da ya ga dama zai iya janyewa.

Canji na gaske ya zo a Ramadan na shekara ta 400 (1010), lokacin da Alhakim bi Amrillah ya yi waƙafin wasu gine-gine masu kawo haya a Fusɗaɗ domin Azhar da wasu masallatai biyu da Darul Ilmi, aka yi rajistar takardar a gaban alƙalin alƙalai. Maƙrizi ya adana mana nassinta a littafinsa na Khiɗaɗ. Mai karanta ta zai ga kasafin kuɗi ne sosai: an ware na liman mai huɗuba, na ladanai, na tabarmi, na man fitila, na turare a Ramadan, har da na igiya da guga. Rabon Darul Ilmi dinari 257 ne a shekara, daga ciki 90 na takardar kwafe littattafai, 48 na ma'ajin littattafai, 12 na gyaran littattafan da suka yage. Kuɗin takarda ya kusa ninka albashin ma'aji. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin kasafin wata tsangaya, ya ga yadda ake yanke kason laburare kafin kowane kaso, zai tsaya a kan wannan adadi.

Sai dai takarda ba ta tsare kanta. Da daular Fatimiyyawa ta faɗi a 567 (1171) a hannun Salahuddin Al'ayyubi, alƙalin Shafi'iyya Sadruddin Ibn Dirbas ya tsayar da Juma'a a Azhar, bisa ra'ayin mazhabarsa na hana Juma'a biyu a gari ɗaya, kuma kowa ya san Azhar ita ce cibiyar da'awar Isma'iliyya a da. Dukiyar sabbin masu mulki ta koma ga makarantun Sunna da suka gina. Kusan shekara ɗari masallacin yana cikin wannan hali, kuma a tsawon lokacin hannaye suka yi ta ɗiban kadarorinsa. Sai a 665, zamanin Sarki Baibaras, wani amiri mai suna Izzuddin Aidamur Alhilli, wanda gidansa ke maƙwabtaka da masallacin, ya tsaya ya ƙwato abin da aka ƙwace, ya tara gudummawa daga sarki da amirai, aka gyara, aka mayar da Juma'a da fatawar Hanafawa bayan alƙalin Shafi'iyya ya ƙi amincewa. Aikin Aidamur na farko shi ne bin sawun tsofaffin haƙƙoƙi kafin roƙon sabuwar kyauta.

Kuɗin Kanem a Fusɗaɗ

A daidai lokacin da Azhar ke kwance, wani abu ya faru a Fusɗaɗ wanda ya shafi yankinmu kai tsaye. Maƙrizi ya ruwaito cewa mutanen Kanem, da suka biyo ta Masar a hanyarsu ta Hajji a shekarun 640 na Hijira, sun ba alƙali Alamuddin Ibn Rashiƙ dukiya, ya gina makaranta ta Malikiyya da ita, ya koyar a cikinta, har aka san ta da sunansa. Ya ƙara da cewa makarantar ta yi suna ƙwarai a ƙasashen Takrur, kuma sun kasance suna aiko mata da kuɗi a mafi yawan shekaru. Masana tarihi suna danganta wannan da zamanin Mai Dunama Dibbalemi. Ga makaranta a Masar da take rayuwa da tallafin waje, tallafin kuma daga gaɓar Tafkin Chadi yake fitowa. Masu bayarwar suna nesa da tafiyar watanni, ba su da hanyar duba lissafi, jarinsu kawai amanar malamin da suka danƙa wa. Mun saba ɗaukar kanmu masu karɓa a wannan babi, don haka yana da kyau ɗalibanmu su san an yi zamanin da kakanninmu ne masu aikawa.

Zamanin Mamalik: yalwa da haɗarinta

Ibn Khaldun, wanda ya fara koyarwa a Azhar da isowarsa Alƙahira a 784, ya bayyana a Muƙaddima dalilin bunƙasar ilimi a birnin ba tare da kwaskwarima ba. Amiran Turkawa suna tsoron sarki ya ƙwace dukiyarsu bayan mutuwarsu, sai su gina makarantu da zawiyoyi, su yi musu waƙafi mai yawa, su sanya wa 'ya'yansu rabo ko nazara a ciki, tare da abin da ba a rasa ba na neman lada. Niyya gauraye ce, amma amfanin ya isa ga ɗalibai, mutane suka riƙa tahowa daga Iraƙi da Magrib. Shi kansa Ibn Khaldun ya koyar a makarantar Ƙamhiyya, wadda ta samo sunanta daga alkamar da ake kawo wa malamanta daga gonakin Fayyum da Salahuddin ya yi mata waƙafi.

A wannan zamani nazarar Azhar tana hannun amirai. Wasu sun kyautata. A 761 Bashir Aljamdar ya gyara masallacin, ya tsara abincin da ake dafa wa matalautan mujawirai kullum. A 784 naziri Bahadur ya samo umarni daga Sarki Barƙuƙ cewa duk mujawirin da ya rasu ba shi da magaji, abin da ya bari na 'yan'uwansa mujawirai ne, aka sassaƙa umarnin a dutse a bakin ƙofa.

Amma labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na shekara ta 818 (1415). A lokacin mujawiran Azhar sun kai mutum 750, daga Ajam da Zaila'a da Magrib da ƙauyukan Masar, kowace ƙungiya da ruwaƙinta, suna karatun Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da nahawu, masu hali suna aiko musu da abinci da kuɗi. Sai aka naɗa amiri Sudun, babban hajibi, naziri. A watan Jimada Ula ya ba da umarnin a fitar da su, a fitar da akwatunansu da ma'ajiyoyinsu, yana ganin tsarkake masallaci yake yi. Mutanen suka watsu cikin ƙauyuka, waɗanda a da suke a rufe suka koma bara. Bayan haka ya afka wa masu kwana a masallacin da dare, aka doke su, yaransa suka washe kayansu. Sannan ya ɗinka wa mumbari baƙar sutura da tutoci biyu masu ado, waɗanda Maƙrizi ya ce an gaya masa sun ci dirhami dubu goma sha biyar. A Ramadan na shekarar sarki ya kama shi ya tsare a Dimashƙa. Maƙrizi bai ɓoye fushinsa ba, kuma yana da gaskiya. Ba a tuhumi Sudun da cin kuɗin waƙafi a wannan ƙissa ba. Laifinsa ya fi haka zurfi: ya manta dalilin da ya sa aka tara dukiyar, ya ga ɗalibai ƙazanta ne a cikin gini, ya kashe kuɗi a kan abin da ido ke gani. Irin wannan naziri lissafinsa kan fita daidai, makarantar kuma ta mutu.

Ɓarna ta biyu ta shigo ta ƙofar fiƙihu kanta, wato musanyar waƙafi, istibdali. An halatta shi ne domin kadarar da ta daina amfani. A farkon ƙarni na tara amiri Jamaluddin Al'ustadar ya mayar da shi hanyar ƙwace: a kawo shaidu su ce gini ya zama haɗari ga maƙwabta, alƙali ya yi hukuncin musanya, ginin ya koma hannun amiri da ɗan abin da ya ga dama. Kafin haka, a 780, Barƙuƙ tun yana atabek ya tara malamai yana son warware waƙafan da aka yi daga filayen baitulmali. Shaihul Islam Sirajuddin Albulƙini ya rarrabe masa: abin da aka tsayar domin makarantu da malamai da ɗalibai babu hanyar taɓa shi, domin suna da haƙƙi a baitulmali tun asali, abin da aka tsayar domin 'ya'ya da dangi kuwa ana iya duba shi. Wannan rarrabewa ita ta tsare makarantun Alƙahira a ranar.

Daga ƙarfin malamai zuwa Muhammad Ali

A zamanin Usmaniyya aka san muƙamin Shaihul Azhar, kuma wanda aka saba farawa da shi a jerin shi ne Muhammad Alkharashi (ya rasu 1101), mai sharhin Mukhtasar Khalil da malamanmu na zaure suka sani. Tsarin ruwaƙai ya kafu, kowane ruwaƙi da shaihinsa da waƙafinsa da rabonsa na gurasa da ake kira jiraya, har da ruwaƙin Barnawa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne dukiyar ba ta taru a hannu ɗaya ba. Ɗaruruwan takardu ne, na sarakuna da amirai da fatake da mata masu hali, kowace da nazirinta. Wannan warwatsuwa tana da wahalar gudanarwa, tana buɗe ƙofar cuta, amma tana nufin babu mutum ɗaya da zai rufe famfo.

Da wannan ƙarfi ne a 1209 (1795) Shaikh Abdullahi Assharƙawi ya rufe Azhar, kasuwanni suka bi, saboda zaluncin da mutanen Muhammad Bey Al'alfi suka yi wa manoman wani ƙauye a yankin Bilbis, har Murad Bey da Ibrahim Bey suka sa hannu a takardar alkawarin daina sababbin haraji. Aljabarti, wanda ya ga zamanin da idonsa, ya ambaci cewa shaihin yana da rabo a ƙauyen, kuma alkawarin bai daɗe ba aka koma gidan jiya. Haka nan bai raga wa manyan malaman zamaninsa ba a kan gasar neman nazarar waƙafai da tara gonaki. Adalci ne a faɗi wannan, domin ta wannan kafa aka shige su.

A 1805 malamai, tare da Naƙibul Ashraf Umar Makram, suka tsaya har Muhammad Ali ya hau mulkin Masar. A 1809 ya ɗora haraji a kan filayen rizƙa da aka tsayar domin masallatai da ayyukan alheri, ya nemi a kawo takardunsu a bincika. Malamai suka haɗu suka yi alkawarin tsayawa tare. Pasha ya san waɗanda ke jin haushin ɗaukakar Umar Makram, ya jawo su, aka tuɓe Makram aka kore shi zuwa Dimyaɗ. Cikin 'yan shekaru, tsakanin 1812 da 1814, filayen suka koma hannun hukuma, aka mayar da masu haƙƙi masu jiran abin da baitulmali zai ba su. Malamin da a da manomi ke kawo wa amfanin gona yanzu ya koma bin magatakardan Pasha. A 1835 aka kafa diwanin waƙafai na farko, wanda bayan rushewa da sake kafuwa ya zama ma'aikatar gwamnati a 1913.

Gyara da farashinsa

Ba daidai ba ne a ce duk shigar hukuma ɓarna ce. A ƙarshen ƙarni na 19 rabon da ake yi a Azhar ba shi da tsari, wani malami yana da jiraya da yawa, wani ba shi da abin kai wa baki. Da aka kafa majalisar gudanarwar Azhar a 1895, Shaikh Muhammad Abduh yana cikinta, ya yi ƙoƙari aka samo ƙarin kuɗi daga baitulmali da diwanin waƙafai, aka tsara albashi bisa daraja, aka tattara littattafan da ke warwatse aka kafa laburaren Azhar. Amma Abduh ɗin nan shi ne ya ɗanɗani kuɗar tsarin. Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu yana ɗaukar waƙafai wani yanki na ikonsa. Lokacin da aka kawo majalisar ƙoli ta waƙafai batun musanyar wata gonar Khidiwi da filin waƙafi mai daraja a Giza, Abduh ya ƙi yarda sai an ƙiyasta kowanne da ƙimarsa ta gaskiya. Wannan na cikin abubuwan da suka ɓata tsakaninsu, ya bar majalisar Azhar a 1905, ya rasu a shekarar. Istibdalin Jamaluddin ne ya dawo bayan shekara ɗari biyar cikin tufafin zamani.

Bayan juyin mulkin 1952 aka kammala abin da Muhammad Ali ya fara. Doka ta 180 ta shekarar ta soke waƙafin iyali. Doka ta 247 ta 1953 ta mayar da nazarar waƙafan alheri ga Ma'aikatar Waƙafai, kuma ita da gyare-gyarenta suka ba minista damar karkatar da amfanin waƙafi zuwa wata fuskar alheri dabam da wadda mai waƙafi ya ambata. A 1955 aka soke kotunan Shari'a, waɗanda su ne a da ke tuhumar naziri. A 1957 gonakin waƙafi suka koma hukumar rabon filaye. Sannan doka ta 103 ta 1961 ta sake fasalin Azhar baki ɗaya, ta ƙara tsangayoyin likitanci da injiniyanci da noma, ta sanya naɗin Shaihul Azhar a hannun shugaban ƙasa, kasafinta kuma cikin kasafin gwamnati. Azhar ta faɗaɗa faɗaɗar da ba ta taɓa yi ba, aka buɗe ƙofa ga mata, Madinatul Bu'us ta karɓi dubban ɗalibai daga Afirka da Asiya, cikinsu har da malamai da yawa na ƙasar Hausa. Wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma a ma'aunin fiƙihun da muka fara da shi, mai bayarwa da naziri da alƙalin da ke tuhumar naziri duk sun zama hannu ɗaya, abin da Malikiyya suka guje wa ko a waƙafin gida guda.

Manyan Azhar sun ji wannan nauyi. A 1974 aka fitar da umarnin shugaban ƙasa da ke rage ikon Shaihul Azhar ya miƙa shi ga minista. Shaikh Abdulhalim Mahmud ya ajiye aiki ya zauna a gidansa, ya ƙi karɓar albashi, har Shugaba Sadat ya janye, ya dawo. A shekarun da suka rage masa, har rasuwarsa a 1978, ya zagaya garuruwa da ƙauyuka yana kiran jama'a su gina makarantun Azhar da kuɗinsu da filayensu, adadinsu ya ƙaru ƙwarai a zamaninsa. A 2012 aka gyara dokar 1961 aka mayar da zaɓen Shaihi ga Majalisar Manyan Malamai. Kundin tsarin mulkin Masar na 2014, a sashe na 7, ya kira Azhar hukuma mai zaman kanta, ya hana tuɓe Shaihinta, kuma a cikin sashen ɗaya ya ɗora wa gwamnati samar mata da isassun kuɗi.